Shagon ƙungiya na bakin tasha: a ba Injiniya ya buɗe gidan gem?

Sakataren Ƙungiya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maganar shagon ƙungiya ce na bakin tasha, wanda yake rufe tun da mai shayi ya tashi. Mutum biyu sun nuna sha'awa. Akwai mai taki da maganin feshi, amma shi watannin damina kaɗai yake so. Sai ɗan'uwanmu Injiniya, yana so ya kama na shekara ya buɗe gidan gem, da teburin gyaran waya a gefe. Kwamiti ya kasa tsayar da magana, shi ya sa aka ce a kawo nan. Don Allah a rubuta, kada a turo murya, ba kowa ke da datar saurare ba.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ni dai ban gane ba. Yaron da ake bugo wa waya daga Gumel, daga Haɗeja, ya je ya tayar da ƙarfen sabis idan ya mutu, magidanci mai 'ya'ya, shi ne zai tara mana yara suna danne-danne har dare? Da na ji an ce yana neman shago na zaci injin niƙa zai kafa.

Ɗan Caji: Allah ya ƙara girma Kawu, ai danne-dannen an daɗe da farawa. Ku biyo ta rumfata bayan la'asar ku gani. Yaro zai kawo waya caji ya ƙi tafiya, ya tsugunna jikin soket yana harbe-harbe wayar na jone, har batirin ya kumbura ya ɗaga murfi. Gobe uwarsa ta aiko wai cajina ne ya lalata.

Injiniya: Kawu, Allah ya ja kwana. Ku kun san ni tun ina yawo ba wando, amma na ƙasa da mu ba su san ta inda na biyo ba, don haka ku yi min haƙuri in ɗan ja baya.

Lokacin da muka taso babu wuta a garin nan, turakun ma ba a kafa ba. Da asuba makarantar allo, da hantsi firamare, da yamma kiwon awaki ko kai wa su Baba abinci gona. Wasanmu langa ne da ƙwallon tsumma da motar kara. Ni motar karan ta fi ɗaukar hankalina, har fitila nake sa mata da tsohon batirin rediyo da ƙwan tocila.

Gem kuwa a Kano na fara ganinsa, a gidan ƙanin mahaifiyarmu a Kurna, da aka kai ni dogon hutu. Irin wanda ake cusa wa kaset mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Sai da na girma na san kwaikwayo ne na na'urar kamfanin Nintendo da ta fito a Japan a 1983. Mario muke yi da harbin agwagwa da tankar yaƙi. Rannan adaftar ta mutu, aka aike mu wajen wani tsoho mai gyaran rediyo a bakin titi. A gabana ya kwance ta, ya nuna min siririyar wayar da ta tsinke a jikin ƙaramar taransifoma, ya ɗora ƙarfen liƙi a kan garwashi, ya ɗiga dalma. Muka koma gida aka jona, Mario ya dawo da tsallensa. Sauran yara suka ci gaba da rububin hannun gem, ni kuwa hankalina ya koma kan abin da ke cikin baƙin akwatin nan.

Da na shiga sakandare a Ringim akwai wani gidan gem bayan kasuwa. PlayStation ta farko ce, daga baya aka kawo PS2. Winning Eleven ake bugawa, mai sharhi yana ta ihu da Japananci, rubutun ma duk Japananci, amma kowa ya haddace inda zai danna ya canja ɗan wasa. Ni ba ni da kuɗin bugawa. Abin da nake da shi sukundireba ce ƙarama. Hannu ya daina amsawa, in buɗe in goge robar da ke ƙarƙashin madannai. Waya ta karye daga gindi, in yanke in sake liƙawa. Faifai ya ƙi karantuwa, in share idon na'urar da auduga, idan ta ƙi mu kifa ta a juye, kuma wallahi sai ta karanta. Ladana shi ne a bar ni in buga wasa biyu ko uku idan mutane sun ragu.

Daga nan ne na tafi kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure na karanta lantarki, na yi zaman koyon aiki a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Yanzu aikina kula da wutar ƙarafunan sabis. Kayan da ke gindin ƙarfen nan bolt 48 suke ci, irin wutar batir, don haka akwai na'urar da ke juya wutar janareta ta koma haka, akwai jerin batura, yanzu kuma sola ta shigo. Girman kaya ne ya bambanta, amma tambayar da tsohon nan ya koya min ita nake yi kullum: wuta ta shigo ta nan, a ina ta tsaya?

Malamin Firamare: Ɗana, labarinka ya yi daɗi, kuma gaskiya ne, ni shaida ne kan motar karan nan mai fitila don na taɓa ƙwace ta a aji. Amma ina da tambaya ɗaya. Wannan gidan gem na Ringim, kai kaɗai kake zuwa?

Injiniya: A'a Malam, cika yake yi.

Malamin Firamare: To ina sauran? Kai ne ka fito da sana'a, shi ya sa yau kake da bakin ba da labari. Waɗanda suka riƙa tsallake katanga suna kai kuɗin makaranta can, suka faɗi jarrabawa, ba sa cikin zauren nan balle su ba da nasu. Na san wasunsu, kai ma ka san su. Ba za a ɗauki mutum ɗaya da Allah ya yi wa baiwa a ce ga abin da gem ke haifarwa ba.

Autan Zaure: Allah gafarta Malam, ai masu faɗuwa jarrabawa ko ba gem suna faɗuwa.

Malamin Firamare: Auta, bari manya su gama tukuna.

Injiniya: Malam, ban ce gem ne ya koya min aiki ba. Lalacewarsa ce ta koya min. Kayan wancan lokacin da sukurori aka ɗaure su, suna yawan mutuwa, kuma babu kuɗin sayen sabo, dole a buɗe. Yaron yau da ke tsugunne a rumfar Ɗan Caji ya fi mu yawan buga gem nesa ba kusa ba, amma bai taɓa ganin cikin komai ba. Wayar da gam aka manne ta, idan ta mutu sai an kai Dutse ko Kano. Shi ya sa na ce da teburin gyara. Teburin nake so, gem ɗin tsaba ce ake watsa wa kaji su matso.

Malamin Firamare: Na yi kiwon kaji. Tsabar suke cinyewa su watse.

Ɗan Caji: Malam ya ci ɗaya, Injiniya babu.

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Ina bibiya tun ɗazu, sai yanzu na fito daga asibiti. Ina so a raba abu biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka matsalar jarabar gem cikin kundin cututtukanta na 11, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a 2022. Amma ba yawan awanni suka auna ba. Abin da suka ce a duba shi ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, a ɗauki kamar shekara ana haka. Su da kansu sun ce kaɗan ne daga masu wasan ke kai wa nan.

Ni abin da nake gani a gidaje shi ne yaro ya saci wayar uwarsa ya shige ƙarƙashin bargo har ƙarfe biyu na dare, da safe a kawo shi wai ciwon kai da ido. Wannan babu mai ganinsa. Shago a bakin tasha aƙalla yana da ƙofa, ana iya rufe ta, ana iya leƙawa. Ban ce na goyi baya ba tukuna, ina da tawa tambayar, amma bari in ji Ustazu.

Ustazu: Bismillah. Asalin wasa ba haramun ba ne sai in wani abu ya shigo cikinsa, kodayake malamanmu sun tsananta kan shagala, Imamu Malik ma ƙin darar shaɗaranji ya yi. Ni abu uku nake tsoro. Wucewar lokacin sallah, wannan kowa ya sani. Kiɗa da hotunan da ba su dace ba a wasu wasannin. Na ukun shi ne wanda ba a cika lura da shi ba, kuma shi ne ruwan dare a gidajen gem: wanda aka ci shi ke biyan kuɗin wasan. Injiniya, haka ake yi a Ringim ko ba haka ba?

Injiniya: Haka ake yi, Allah gafarta Malam. Har yanzu ma a ko'ina haka ne.

Ustazu: To ka ga mutum biyu sun zauna, kowa bai san ko zai biya ko ba zai biya ba sai sakamako ya fito. Ɗaya ya tashi da riba, ɗaya da asara. Da yawan malamai caca suke ɗaukar wannan, ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba. Daga nan kuma 'yan kallo ke fara cewa na sa ɗari biyu kan wane. Yaron da ya saba da wannan yana shekara goma sha biyu, idan ya girma ya ga cacar ƙwallo a waya ba zai ji baƙuwa ce ba.

Autan Zaure: Amma Malam, idan an hana wannan armashin ya tafi. Kowa ya san zafin biyan ne ke sa mutum ya dage.

Ustazu: Ka taimake ni da hujja, Auta, Allah ya yi maka albarka.

Injiniya: Wannan na yarda da shi ba ja. Kowa ya biya nasa kafin ya zauna, kuɗin lokaci ne ba na sakamako ba. Kuma ƙwallo da tseren mota kaɗai zan sa, babu na harbi. Wanda aka kama da sa kuɗi ya bar shagon. Da an kira sallah a kashe daga babban makunni, ba sai an roƙi kowa ba, wannan ai aikin mai lantarki ne.

Ɗan Caji: Ni tambayata ta kasuwa ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya zama abin kallo, ni ma sola ce ta riƙe ni. Wutar gari kuwa kun san yadda take. Talabijin da gem ba cajin waya ba ne. Da me za ka ja su?

Injiniya: Na yi lissafi. Talabijin biyu masu inci 32, kowace kamar wat 50. PS4 biyu na hannu, ta 2013 ce amma har gobe tana aiki, kowace in ta yi nauyi wat 150. Ɗari huɗu ke nan. Ka ƙara fanka da ƙwai da ƙarfen liƙi da injin hura iska mai zafi na gyaran waya, a ce wat 600 gaba ɗaya. Awa shida a rana ya kama wat 3,600, wato yunit uku da rabi da ɗoriya. Farantin sola huɗu masu wat 400 za su ɗauka har da rara, don a nan muna samun awa biyar zuwa shida na rana mai ƙarfi. Sai batirin litiyam mai yunit biyar don bayan magariba.

Abin da mutane ba sa sawa a lissafi shi ne zafi da ƙura. Ana zaton ranar Afrilu ce ta fi ba da wuta, alhali faranti idan ya yi zafi sosai ƙarfinsa raguwa yake. Da hunturu kuma ƙura ta kwanta a kai, in ba a gogewa sai ka ga batir bai cika ba ka zargi mai sayarwa. Gogewar nan da duba mita shi ne darasin farko da zan ba duk yaron da ya zauna a teburin.

Ɗan Caji: To ka yi min alkawari ba za ka sa caji ba. Kada a zo ana gyara tarbiyya a kashe min kasuwa.

Injiniya: Caji naka ne, yayana. Batiran da suka kumbura a rumfarka dai ka riƙa turo min.

Kawu: Duk na ji. Wat da yunit ban san su ba. Abin da na sani, mahaifinka, Allah ya jiƙansa, sai da ya sayar da ragon da yake turke don ka tafi Kazaure, kuma bai sayar don ka dawo kana wasan yara ba. Ni abin da ya tsaya min shi ne kai kanka. Da Sallar nan an ce min har yanzu kana bugawa. Mutum mai iyali.

Injiniya: Amin Kawu, na gode. Ina bugawa, ba zan musa ba. Aikina ba shi da lokaci. Ƙarfe ya mutu da tsakar dare a wani ƙauye bayan Maigatari, dole in hau mashin, don asibiti da masu POS da kowa sun tsaya. Idan na dawo jikina a mace yake amma kaina bai kwanta ba. Ba na zaman majalisa, ba na shan komai. Abokan karatuna biyu, ɗaya yana Fatakwal ɗaya yana Abuja, daren Asabar muke haɗuwa ta intanet mu buga ƙwallo muna hira. A nan nake jin wa aka yi wa haihuwa, wa ya rasa aiki, har wani aikin sola a nan na samo shi. Ku ma Kawu, da girmanku, ina tunawa da darar da ake yi a gindin tsamiyar ƙofar fada, har a kira magariba ana gardamar wa ya ci.

Kawu: Dara daban. Dara lissafi ce, kuma da tsinke da rami ake yinta, ba a sayar da rago a saya.

Malamin Firamare: Yaya, a nan kam zan ɗan kare shi. Ni na sha zuwa kiranka daga gindin tsamiyar nan.

Kawu: Kai ma ka koma bayansa ke nan.

Malamin Firamare: A'a, ina nan kan bakata game da yara. Na manya ne na ce a bar wa kowa abin hutunsa.

Maman Biyu: A kan na manyan ma da mai ɗakinsa aka tambaya, ita ta san ko daren Asabar ɗin yana tsallakawa Lahadi. Amma ga tambayata. Ana ta cewa yara, yara. Yara maza ake nufi. Babu uban da zai bar 'yarsa ta shiga gidan gem a bakin tasha, ni ma ba zan bari ba. To idan teburin gyaran shi ne ainihin abin, kuma ƙofarsa ta cikin gidan gem take, an rufe wa 'yan mata ke nan tun kafin a buɗe. Alhali mu ne muka fi buƙata. Mace wayarta ta lalace, cike da hotunanta da na ƙawayenta, dole ta miƙa wa wani saurayi a kasuwa ta dawo gida hankalinta a tashe. Da akwai mace mai gyara a garin nan da layi za a yi a ƙofarta.

Injiniya: Wannan ban kawo shi a raina ba, Anti. Shagon ɗaki ɗaya ne.

Maman Biyu: Safiyar Asabar da Lahadi fa? Ai ina zaton sai yamma za ka kunna gem.

Ustazu: Idan da babbar mace a wurin, kuma da yardar iyaye, ban ga laifi ba. Amma bakin tasha bai yi min ba. Ajin Islamiyya babu kowa a cikinsa da safiyar Alhamis da Juma'a, tebur ai ana ɗaukarsa.

Autan Zaure: Tunda manya sun gama, a ba ni dama. Ni na zana JAMB, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yinta gaba ɗaya. A cibiyar da aka kai mu na ga wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, minti goma na farko a neman yadda zai matsa tambaya ta gaba suka tafi. Mu da muka saba da gem ba mu ji tsoron allon ba, ko ba komai. Yaya Injiniya, in da hali ka ajiye tsohuwar kwamfuta ko ɗaya ce. Akwai manhajar Scratch da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, kyauta ce, akwai wadda ba ta buƙatar intanet, yaro yana jera umarni ya haɗa nasa ƙaramin gem ɗin. Kuma a sani, na waya ya fi cin kuɗi. Free Fire kyauta ake saukewa, amma ga data, ga lu'ulu'un da ake saya a ciki don kaya da bindiga. Na san masu cinye kuɗin cirani a haka. Na shago in kuɗinka ya ƙare ka tashi.

Malamin Firamare: Yanzu ka yi magana. Amma ka lura, duk abin kirkin da aka ambata a zauren nan, tebur, kwamfuta, koyar da 'yan mata, babu wanda yake buƙatar PS4. Me zai hana a yi su kawai?

Injiniya: Kuɗin haya da na batir, Malam. Koyarwar kyauta ce, gyaran waya a gari irin namu ba zai riƙe shago ba a shekarar farko. Gem ɗin ne zai biya. Kuma ni ba kullum nake gari ba, dole in ɗauki yaro mai tsaro in biya shi.

Malamin Firamare: To nan ne gizo ke saƙar. Ranar da kake Maigatari, yaron da ka bari zai kori mai kuɗi a hannu don an kira la'asar? Zai kori ɗan makaranta da ya zo da yunifom ƙarfe goma sha ɗaya? Dokokinka masu kyau ne idan kana zaune.

Injiniya: Akwai na'urar lokaci da ake sa wa layin wuta, ita ke kunnawa ta kashe a sa'o'in da aka saita mata. Zan sa ta cikin akwati in kulle, in ba sakatare makulli ɗaya. Kafin huɗu da rabi babu wuta a layin talabijin ko wa ya zo.

Ɗan Caji: Kana shirin koya wa yara lantarki, kuma kana zaton akwati zai hana su zagaye na'urar.

Injiniya: Wanda ya iya zagaye ta ba tare da ya ƙona komai ba, a turo min shi, ya samu aiki.

Kawu: Ni ban sauka daga ra'ayina ba, a rubuta. Amma idan kwamiti ya rinjaye ni, ina da sharaɗi. Daga saukar ruwan fari har a gama noman biyu, ba a buɗewa sai bayan magariba. Ba za mu riƙa neman yaran da za su riƙe fartanya muna samunsu a tasha ba. Kuma wata shida za a ba shi, ba shekara ba.

Injiniya: Kawu, wata shida ba zai mayar da kuɗin batir ba. A yi shekara, amma a rubuta cewa kwamiti na iya rufewa idan an karya sharaɗi.

Malamin Firamare: A ƙara da cewa ni zan riƙa kawo sunayen masu fashin makaranta duk Juma'a, kuma wanda sunansa ya fito ba ya zama a benci sati mai zuwa.

Maman Biyu: Maganar 'yan matan kada ta bi iska. Ina da biyu a raina da suka gama sakandare suna zaune, zan yi wa iyayensu magana idan an tsayar da wuri.

Sakataren Ƙungiya: Na kwashe duka. Mai taki ya sake bugowa yanzu, na ce ya jira zuwa Juma'a. Kwamiti zai zauna bayan la'asar a ƙofar gidan Kawu, Injiniya ka zo da lissafinka a takarda, Ustazu da Malam muna gayyatarku.

Kawu: Kafin Juma'ar wani ya hau ya duba kwanon shagon. Yana yoyo ta kusurwar gabas, mai shayi ya sha faɗa min. Ko taki za a zuba ko batir, sai an canja falle biyu, kuma ba a faɗi wanda zai biya ba.